Maganin da ke ɗaga lambar na'urar yatsa: mu saya wa Baba ko mu bari?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Agege ce. Mahaifina ɗan shekara 68 ne, ya daɗe yana sana'ar hatsi a Mile 12. Bara likitoci suka ce huhunsa ya yi tabo ya taurare, suka sa shi a kan oksijin. Na'urar yatsa mai auna oksijin ɗin jini tana nuna 87 ko 88 idan yana zaune ba robar hanci, idan kuwa ya tashi zuwa banɗaki sai ta sauka har 80. Sau biyu a mako muke cika babbar silinda, kuɗin ya fara fin ƙarfinmu. Ƙanena ya gani a intanet cewa akwai wani maganin masu sikila, voxelotor, da ke sa jini ya riƙe oksijin sosai, har an gwada shi a masu ciwon huhu lambarsu ta hau. Wani mutum ya ce zai samo mana daga waje idan mun tura kuɗi. Yayyena sun rabu biyu, an ce ni mai jinya in yanke. Ina tsoron in hana a ce na yi wa Baba rowa, ina kuma tsoron in yarda in cutar da shi.

Wata 'yar'uwa, Agege

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kada ku tura kuɗin nan, kada kuma Baba ya sha maganin ko da kyauta aka kawo muku. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, abin da ya karanta ya faru, amma rabin labarin ya samu. Za mu ba ki sauran rabin dalla-dalla, domin ke ce za ki zauna gaban yayyenki, kuma "likita ya hana" kaɗai ba ya kashe gardamar gida.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe, himogulobin. Shi ke ɗaukar kusan duk oksijin ɗin da ke yawo a jiki. Wanda ke narke a ruwan jini kaɗan ne ƙwarai. Kowane himogulobin yana da gurbi 4, kuma giram ɗaya nasa yana ɗaukar kimanin mililita 1.34 na oksijin idan ya cika. Lambar da kike gani a na'urar yatsa tana gaya miki kashi nawa cikin ɗari na guraben nan ke cike a jinin da ya baro huhu. Iyakar abin da take faɗa ke nan. Ba ta san yawan himogulobin ɗin da ke jikin Baba ba, ba ta kuma san ko ya saki oksijin ɗin ga zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda ba. Ki ɗauke shi kamar ɗan dako a kasuwar da Baba ya yi aiki: ɗaukar buhu rabin aiki ne, sai ya sauke shi a gaban mai kaya ake biyansa. Maganin da ke ƙara ƙarfin riƙo yana taimaka wa ɗauka, yana kuma wahalar da saukewa.

Ana auna ƙarfin riƙon da wata lamba, P50, wato matsin oksijin da ake buƙata kafin rabin guraben su cika. A babban mutum mai lafiya tana kusa da 27 a ma'aunin mmHg. Idan lambar ta yi ƙasa, riƙo ya yi ƙarfi. Idan ta yi sama, jini ya fi saurin saki. Jiki da kansa yana juya ta gwargwadon buƙata. A tsokar da ke aiki, zafi yana ƙaruwa, tsami yana ƙaruwa, iskar kabon dayoksaid tana taruwa, dukkansu suna sa himogulobin ya sassauta ya saki kayansa a daidai wurin da ake nema. Christian Bohr, wani masani ɗan Danmak, shi ya bayyana wannan tun 1904. A 1967 aka gano cewa wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin, 2,3-DPG, shi ma yana sassauta riƙon, kuma yana ƙaruwa idan mutum yana fama da ƙarancin jini. Jaririn da ke ciki kuwa himogulobin ɗinsa ya fi na uwarsa riƙo, P50 ɗinsa kusa da 19 ko 20, ta haka yake karɓar oksijin daga jininta ta mabiyiya.

Tunanin da ya haifar da gwajin da ƙanenki ya gani ba na wasa ba ne. Akwai wata dinya da ke ƙetare tsaunukan Himalaya, akwai kuma lama, dabbar tsaunukan Kudancin Amurka. Dukansu jininsu mai ƙarfin riƙo ne, kuma yana yi musu amfani a inda iska ta yi siriri. A 1974 an nuna cewa ɓerayen da aka ƙara wa jininsu riƙo sun fi jure matsanancin ƙarancin oksijin. Sai masana suka ce, to huhu mai tabo ai kamar mutum ne a kan tsauni ko da yana bakin teku, me zai hana a yi masa irin wannan dabara?

Ga inda lissafin ke karyewa. Za mu yi shi da lambobi masu kama da na Baba, lissafin takarda ne amma yana nuna gaskiyar lamarin. Lamba 88 a yatsa tana daidai da matsin oksijin kusan 55 a jinin jijiya. A ce a tsokar ƙafarsa, lokacin da yake tafiya, matsin ya sauka zuwa 30. Jini mai P50 na 27 zai shiga tsokar da kashi 88, ya fita da kusan 58. Ya sauke 30 ke nan. Yanzu a ba shi maganin da ya mai da P50 ɗin 20. Huhun bai canza ba, matsin yana nan a 55, amma na'urar yatsa za ta nuna kusan 94, kowa a gida ya yi hamdala. A tsokar kuwa, a matsin 30, jinin zai fita da kusan kashi 75 a riƙe. Ya sauke 19 kawai. Lamba ta hau da 6, abin da ya isa ga tsoka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Jiki zai yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanya biyu: ko matsin oksijin a cikin tsokar ya ƙara faɗuwa har jinin ya saki dole, ko zuciya ta ƙara gudu. Dattijo mai tabon huhu, wanda sau da yawa ɓangaren dama na zuciyarsa ya riga ya gaji da tura jini cikin huhu mai tauri, ba shi da wannan rarar.

Sai idan ƙarancin ya kai maƙura dabarar take fara biya. Idan matsin jijiya ya faɗi zuwa 30, na tsoka zuwa 15, jini na yau da kullum zai sauke kusan 40, mai ƙarfin riƙo kusan 43. Wannan shi ne halin dinyar da ke saman Himalaya. Mutumin da matsin jijiyarsa ya kai 30 kuwa ɗakin kulawa ta musamman yake buƙata, ba ƙwaya a gida ba.

Abin da ya faru a gwaji bai saɓa wa lissafin ba. Kamfanin Global Blood Therapeutics na Amurka shi ya ƙirƙiro maganin, a lokacin ana kiransa GBT440. Sun gwada shi a masu irin taurin huhun da ba a san musabbabinsa ba, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IPF. Lambar oksijin ta hau, kamar yadda ƙanenki ya karanta. Amma a watan Oktoba na 2017 kamfanin da kansa ya sanar da dakatar da shirin, domin hawan lambar bai nuna alamar zai zama amfanin da majinyaci zai ji a jikinsa ba. Kamfanin da ya zuba dukiyarsa a magani ba ya ajiye shi da wasa. Suka mai da hankali kan sikila, inda dalilin amfani da shi daban ne: himogulobin na sikila yana dunƙulewa ne idan ya saki oksijin, don haka riƙon yana hana ƙwayar jini lanƙwashewa ta fashe. A Nuwamba 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu sikila da sunan Oxbryta. Pfizer ta sayi kamfanin a 2022. A ranar 25 ga Satumba 2024 Pfizer ta janye maganin daga duk kasuwannin duniya, ta kuma tsai da gwaje-gwajensa, bayan bayanai sun nuna tashin ciwon sikila da mace-mace sun fi yawa a ɓangaren masu shan sa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, na yara, har da Najeriya a cikin ƙasashen da aka yi shi.

Saboda haka maganin bai taɓa samun amincewar wata hukuma don ciwon huhu ba, kuma a ciwon da aka amince da shi ma an janye shi. Duk abin da mutumin nan zai kawo muku, ko tsohon kaya ne da ya kamata a mayar wa kamfani, ko jabu. Wannan kaɗai ya isa ki faɗa wa yayyenki. Idan wani ya ce to a juya dabarar, a nemi mai sa jini ya saki da sauri, shi ma an gwada. Akwai efaproxiral, wanda aka gwada a masu ciwon daji. Sai an haɗa wa majinyaci da ƙarin oksijin domin yana rage ɗauka a huhu, kuma bai samu amincewa ba. Bincike a wannan fanni bai mutu ba, muna kuma fatan ya haifar da wani abu, amma yau babu ƙwayar da likitan huhu zai rubuta wa Baba don canza riƙon jininsa.

Akwai kuwa wani abu a Legas da ke ƙara wa himogulobin riƙo kowane dare, kuma shi ne ya fi damun mu a wasiƙarki duk da ba ki ambace shi ba: hayaƙin janareta. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama himogulobin fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, ta cinye gurbi, sannan ta sa sauran guraben su ƙi sakin abin da suka ɗauka. Mafi muni, na'urar yatsa ta gida ba ta bambance ta da oksijin, sai ta nuna 97 alhali mutum yana shaƙewa. A gidajen haya na Agege da Idi-Araba inda ɗakuna ke fuskantar juna, ƙaramin janareta a baranda ko a lungun bayan taga abu ne na kullum, ko naku ko na maƙwabci. Ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 6 daga kowace taga da ƙofa, bakin salansarsa yana kallon waje. Idan fili bai kai ba, a sauya wa Baba ɗaki zuwa wanda ya fi nisa da shi, a sayi ƙaramar ƙararrawar kabon monoksaid mai batir a rataye a ɗakin. Idan mutum biyu ko uku a gida suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a fita waje nan take, a kai Baba asibiti ko da lambar yatsa ta yi kyau. Garwashin turaren wuta da murhun gawayi a ɗaki rufaffe su ma haka suke, taba kuwa ba a maganarta.

Kuɗin da za ku tura wa mutumin nan, ga inda zai yi aiki. Na farko shi ne gwajin jini mai arha, a auna himogulobin da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Dalili: mutum mai himogulobin giram 14 da lamba 88 yana ɗauke da kimanin mililita 16.5 na oksijin a kowace mililita 100 ta jini. Mai giram 9 da lamba 96 yana ɗauke da 11.6 kacal. Na biyun lambarsa ta fi kyau, amma na farkon ya fi shi oksijin nesa ba kusa ba. Idan himogulobin ɗin Baba ya gaza giram 13, yana da ƙarancin jini, kuma gyara shi zai ƙara masa fiye da abin da voxelotor ya taɓa alkawartawa. A auna feritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfen jiki, a ga ko ƙarfe ne ya yi ƙasa. Idan shi ne, a namiji mai shekarunsa dole a nemi inda jini ke zuba, yawanci ciki ko hanji, musamman idan yana shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Ƙwayar ƙarfe ba a shan ta da shayi, domin shayi yana hana ta shiga jiki. A bar tazarar awa 1 zuwa 2. Cikin mako 3 zuwa 4 ya kamata a ga himogulobin ya hau da giram 1 zuwa 2. Amma kada a fara ba shi maganin ƙarin jini kafin gwaji. Wasu masu daɗaɗɗen ƙarancin oksijin jininsu yawa yake yi ya yi kauri, PCV ya wuce 55, su kuma ƙari cutarwa ne.

Na biyu, ki tabbata lambar da kike dogara da ita gaskiya ce. Waɗannan na'urori suna kuskure da maki 2 zuwa 3 ko a yanayi mai kyau, kuma a baƙar fata sun fi karkata ga nuna lamba sama da ta gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2020 daga Jami'ar Michigan ya gano cewa ɓoyayyen ƙarancin oksijin, wanda na'ura ba ta kama ba, ya ninka kusan sau uku a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. Don haka 88 ɗin Baba tana iya zama 85. Kafin ki auna, ya zauna minti 5, hannunsa da ɗumi, a ɗora shi a kan ƙirji ko cinya ba motsi, a sa a yatsan tsakiya ko manuni, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya har lambar ta tsaya. Ki ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa ki kwatanta da wanda na'urar ta nuna. Idan sun yi nisa da juna, kada ki yarda da awon. Baƙin lalle da jan farce suna rikita ta. Sau ɗaya aƙalla ki roƙi likita a ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu a auna iskar jini kai tsaye, a kuma duba na'urarku a daidai lokacin, ki san yawan giɓin da ke tsakaninsu. Gwajin zai kuma nuna ko kabon dayoksaid na taruwa masa, wanda shi ke yanke ko za a tsai da lambar yatsa a 88 zuwa 92 ko a nemi sama da haka. Ki sa likitan ya rubuta miki lita nawa na oksijin a minti za a ba shi a zaune, nawa a tafiya, nawa a barci. Faɗuwa zuwa 80 a hanyar banɗaki tana nufin a lokacin da ya fi buƙatar robar ne ake cire ta. A sayi doguwar roba, har mita 15 tana aiki, ya je da ita alwala da wanka. Sallah a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa ke wahalarwa, kuma ita ma da robar a hanci.

Yanzu maganar silinda. Yawan oksijin da ke cikinta shi ne girmanta a lita sau matsin da agogonta ke nunawa a ma'aunin matsi da ake kira "bar". Babba mai lita 40 da aka cika zuwa 150 tana da lita 6,000. A lita 2 cikin minti za ta yi awa 50, wato kwana uku da ɗan abu idan ana awa 15 a rana, daidai da cikawa biyu a mako da kika faɗa. Ƙarama mai lita 10 za ta yi awa 12 da rabi. Ki duba agogon a gaban mai cikawa kafin a ɗora ta a mota; idan ya nuna 110 maimakon 150, an rage muku fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ba ta kai lissafin nan ba a gida, akwai yoyo. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar regileta, wato kan da ake ɗaura wa silinda mai daidaita fitar iskar, inda ya yi kumfa nan ne, yawanci ƙaramin zoben roba ne ya mutu. A riƙa rufe babban makunnin silindar idan ba a amfani da ita, ba na lita kaɗai ba. Oksijin na asibiti za ku nema, kada arha ta kai ku ga na masu walda, domin ba a tsabtace tukwanensu don numfashin mutum. Kada mai ko giris ya taɓa regileta, kada a shafa wa Baba basilin a hanci don bushewa, a nemi man da aka yi da ruwa. A ɗaure silindar a tsaye jikin bango, nesa da risho da kyandir da maganin sauro na kunnawa da aƙalla mita 2 zuwa 3.

Ga mai buƙatar awa 15 kullum, injin tace oksijin ya fi silinda sauƙi idan aka yi lissafin watanni. Yana jan iskar ɗaki, wadda kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, ya tace naitirojin ya ba da kashi 90 zuwa 96. Mai lita 5 yana cin kimanin wat 350. Awa 15 a rana yunit 5 da kwata ke nan, kusan yunit 160 a wata. Ki ninka da kuɗin yunit na layinku ki kwatanta da abin da kuke kashewa a cikawa da kuɗin mota. Tunda tabon huhu kan ci gaba, ku tambayi likita ko mai lita 10 ya fi dacewa, sai dai shi yana cin kusan wat 600. Abubuwa uku ke kashe injin nan a Legas. Wuta mai hawa da sauka tana ƙona kwamfuresa, don haka sitabilaiza dole ce. Laima tana lalata garin tacewar da ke cikinsa, sai ya ci gaba da hura iska amma oksijin ɗin ya ragu. Injin da aka ajiye watanni ba a kunna ba ya fi saurin kamuwa da wannan, shi ya sa duk wanda za ku saya, sabo ko na hannu, ku sa a gwada shi da ma'aunin tsarkin oksijin a gabanku, a kan lita mafi yawa, bayan ya yi minti 10 zuwa 15 yana aiki. Idan bai kai 90 ba ku bar shi. Na uku ƙura: a wanke soson bayansa kowane mako, ya bushe sarai kafin a mayar, a ba injin tazarar taƙi ɗaya daga bango da labule. Idan fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ta kama, tsarkin ya faɗi, a koma silinda a kira mai gyara. Idan za ku haɗa da inbata, ta zama mai ba da wuta sumul irin ta layi. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 na ruwa, idan ba a so ya mutu da wuri, rabinsa ake ci, kuma rabin nan zai riƙe injin mai lita 5 kimanin awa 3 ne kawai. Daren da babu wuta yana buƙatar uku. Ko da inji, silinda ɗaya cikakkiya ta kasance a ɗaki koyaushe.

Awa 15 ɗin ba mu muka ƙago ta ba. Gwaje-gwaje biyu na 1980 da 1981, a Amurka da Ingila, su suka nuna cewa oksijin na dogon lokaci yana tsawaita rayuwar masu toshewar huhu da oksijin ɗinsu ya yi ƙasa sosai. A 2024 wani gwaji daga Suwidin, wanda ya haɗa da masu tabon huhu, ya nuna awa 24 ba ta fi awa 15 ba wajen rage mutuwa ko kwanciya asibiti cikin shekara guda. Wannan sauƙi ne gare ku: idan likitansa ya yarda, Baba yana iya hutawa da robar wasu awoyi da rana yana zaune, a tattara awoyin a kan dare da lokutan motsi.

Sai tambayar da muke so ki koma da ita asibiti: wane irin tabo ne? "Huhu ya taurare" suna ne na gida mai ɗakuna da yawa. Mutumin da ya yi shekaru cikin ƙurar hatsi, musamman mai hunhuna, ko mai kiwon tattabaru da kaji a gida, yana iya samun tabon da garkuwar jikinsa ce ke haifar da shi saboda abin da yake shaƙa. A irin wannan, raba shi da ƙurar ko tsuntsayen shi ne magani na farko, kuma prednisolone kan taimaka wa wasu. A IPF kuwa an gano tun 2012 cewa haɗa prednisolone da azathioprine yana ƙara mace-mace. Tsohon tarin fuka ma yana barin tabo, kuma gwajin majina na GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Ana rarrabe su ne da hoton CT na ƙirji mai yanka siriri, da gwajin hura iska, da gwajin jini na cututtukan gaɓoɓi, da hoton zuciya don duba hawan jinin huhu. Akwai likitocin huhu a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, kuma Ikeja ba ta da nisa da ku. Idan IPF ne ko tabo mai ci gaba, akwai nintedanib da pirfenidone, waɗanda aka amince da su don IPF a Amurka tun 2014. Ba sa goge tabo, amma suna rage saurin lalacewar huhu da kusan rabi. Na farko yana yawan sa gudawa, na biyu yana sa fata ta ƙi rana da tashin zuciya idan ba a sha da abinci ba, dukansu kuma sai ana duba hanta a kai a kai. Suna da tsada, amma idan iyali za su haɗa kuɗi don magani, wannan ne ya cancanci zaman shawara da likita. Ki tambaya kuma game da atisayen numfashi da tafiya a sashen gashi na asibiti, na mako 6 zuwa 8, da rigakafin nimoniya da na mura. Ƙaramar fankar hannu da ke hura fuska tana rage jin shaƙewa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Game da zargin rowa, ki tafi da ƙanenki ganin likita na gaba, ya yi tambayarsa da bakinsa, ya ji amsa da kunnensa. Yaron neman mafita yake yi wa mahaifinsa, kada a kunyata shi. A ba shi aikin lissafin inji da batir da neman inda za a gwada tsarkin oksijin, tunda ya iya bincike. Ku rubuta abin da ake kashewa a wata a takarda ɗaya, kowa ya gani, a raba. Ke ma a samo wanda zai karɓe ki kwana ɗaya ko biyu a mako, domin jinyar mai oksijin ba ta barin mutum ya yi barci sosai.

Idan Baba ya yi niyyar Umara ko tafiya gida ta jirgin sama, a gaya wa likita makonni kafin ranar. Iskar cikin jirgi daidai take da ta tsauni mai tsayin har mita 2,400, kuma kamfanonin jirage suna neman takardar likita kafin su yarda da oksijin a ciki. Jos ma, da ke sama da mita 1,200, za ta sauke masa lamba fiye da Legas.

Kada ki jira safiya idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: lambar ta kasa kai 88 alhali yana zaune da robar a kan litar da aka rubuta, ko buƙatarsa ta ƙaru cikin kwana biyu ko uku, zazzaɓi ko majina ta canza launi, ciwon ƙirji ko tari da jini, harshe da cikin leɓe sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, domin a fatarmu can ake dubawa, ruɗewa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar. Wannan na ƙarshen yana iya zama taruwar kabon dayoksaid, don haka kada a yi ta murɗa lita sama ana jira ya farfaɗo. Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767. Ku tafi da ƙaramar silinda a mota, ki lissafa awoyinta da cunkoson hanya a rai, ki kuma ɗauki takardar da ke nuna litarsa ta kullum da sunayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.